Akaifar aku: a fara gyara sanda kafin a ɗauki almakashi

Duk wanda ya saba zaga kasuwanninmu na kan iyaka, tun daga Gaya da Birnin Konni har zuwa Ɗan Isa da Magarya, da wuya a ce bai taɓa wucewa ta gaban wani shago ya ji an yi masa sannu da zuwa ba, ya waiwaya bai ga kowa ba sai keji rataye a bakin ƙofa. Aku ke nan, abokin hirar mai shago, wanda yara ke taruwa kallo, masu saye kuma su tsaya su yi dariya, daga nan ciniki ya faɗa. Ƴan kasuwa da yawa sun daɗe da nasu, wasu ma gado suka yi, domin wannan tsuntsu mai ruwan toka da jar wutsiya yakan yi shekara 40 zuwa 50 a hannun mutum idan ya samu kulawa.

Sai dai akwai kukan da kusan kowane mai aku yake yi, wato kaifin akaifa, abin da wasu ke kira farce ko ƙumba. Idan ya hau hannu sai ya bar zane, idan ya sauka kan yadi sai ya ja zare, idan yaro ya matso sai a ji ihu. Abin da ke fara zuwa a ran mutum shi ne a kama shi a yanke, kuma a nan ne ake yin ɓarnar da ba ta gyaruwa.

Abin da ya faru a shagon kawuna

Ni mai wannan rubutu ban koyi darasin nan a littafi ba. Kawuna mai sayar da shadda da atamfa ne, yana da akun da ya girmi wasu daga cikin ƴaƴansa. Wata ranar kasuwa tsuntsun ya sauko daga kafaɗarsa ya taka wata shadda mai tsada, akaifa ta sarƙe, ya fizga, yadi ya lalace a gaban mai saye. Ran kawu ya ɓaci. Ana cikin haka sai ga mai yankan ƙumba yana wucewa yana kaɗa almakashinsa, kawu ya kira shi, ni kuma aka ce in riƙe. Na rungume tsuntsun da hannu biyu, na matse shi sosai don kada ya cije ni, mai almakashi ya bi yatsu takwas ɗaya bayan ɗaya yana datsewa kamar yadda ya saba yi wa mutane. Uku daga ciki suka ɓalle da jini. Muka barbaɗa toka, jini ya ƙi tsayawa, muka ɗaure da tsumma muka mayar da shi keji. Da yamma yana zaune a ƙasan keji ya kumbura gashi, ya ƙi abinci. Gari bai waye da shi ba.

Ban ga laifin mai yankan ƙumba ba, domin ƙumbar mutum ya sani, ba ta tsuntsu ba. Laifin namu ne da muka sa shi aikin da ba nasa ba, kuma ni ma da hannuna a ciki saboda irin riƙon da na yi. Tun daga lokacin na riƙa tambayar likitocin dabbobi, ina kuma maimaita batun a gidan rediyon da nake aiki. Abin da na fahimta shi ne nake so in isar ga ƴan uwa.

Yadda akaifar take

Ƙafar aku yatsu huɗu gare ta, biyu na kallon gaba, biyu na kallon baya. Da ita yake hawa, da ita yake rataya, da ita kuma yake ɗaukar abinci ya kai baki kamar yadda muke yi da hannu. Saboda haka kaifin akaifa ba ciwo ba ne, halitta ce. Akun da aka datse wa akaifu ƙwarai ba ya iya riƙe sanda, sai ya riƙa zamewa yana faɗuwa, kuma da yake mafi yawan na shaguna an rage musu fiffike, faɗuwar kan zo ne a kan ƙirji, har fata ta tsage a kan ƙashi.

Akaifa tana girma kullum ba tsayawa. Daga waje ƙaho ne busasshe, amma a cikinta akwai nama mai rai da jijiyar jini da jijiyar jin zafi, waɗanda suka taso daga gindi suka nufi tsini. A farcen mutum ana ganin inda fari ya ƙare ja ya fara, shi ya sa mai yankan ƙumba ba ya kuskure. Akaifar aku kuwa baƙa ce, ba a ganin inda jijiyar ta tsaya. Bugu da ƙari, idan aka bar akaifa ta yi tsawo, jijiyar ma tana bin ta tana ƙara tsawo. Ke nan akaifar da ta fi tsawo, wadda mutum zai ga kamar ita ce ta fi buƙatar a datse da yawa, ita ce ta fi saurin fitar da jini.

Jinin kuma ba shi da yawa. Babban aku nauyinsa giram 400 ne ko ɗan sama da haka, jinin da ke jikinsa duka kamar mililita 40 ne. Abin da likitoci ke yarda a ɗiba daga lafiyayyen tsuntsu ba tare da fargaba ba bai wuce kashi 1 cikin 10 na wannan ba, wato mililita 4, bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Tsirya kuwa, koriyar nan mai doguwar wutsiya da jan baki da ake samu a dazukanmu, nauyinta bai wuce giram 140 ba, don haka nata lissafin mililita 1 ne da ɗan ɗori. Abin da kai za ka gani ɗigo ne kawai a kan tabarma, a wurin tsuntsu asara ce babba.

Laifin sanda ne, ba na tsuntsu ba

A dajin Kamaru ko na Gabon ko na Kwango, inda asalin aku yake, babu mai yanke masa akaifa. Yini yake yi yana hawa rassa masu kauri dabam-dabam, masu ɓawo mai kaushi, yana riƙe kwakwar manja yana ɓare ta, akaifa na cinyewa da kanta daidai gwargwadon yadda take tsirowa.

Yanzu mai karatu ya dubi kejin da ke shagonsa. Galibi sanda ɗaya ce tal a ciki, ko dai guntun rodi, ko bututun roba, ko sandar tsintsiya mai santsi. Tsuntsu na tsaye a kanta dare da rana, shekara da shekaru. Idan sandar siririya ce, yatsu kan zagaye ta gaba ɗaya, tsinin akaifa yana rataye a iska bai taɓa komai ba, to me zai cinye shi? Ban da haka, nauyin jiki yana sauka ne a wuri ɗaya na tafin ƙafa kullum, har wurin ya yi ja, ya yi sulɓi, daga baya ya zama gyambo mai wuyar warkewa. Ƙarfe kuma yana ɗaukar zafi da bazara, yana ɗaukar sanyi lokacin hunturu.

Maganin wannan ba ya cin kuɗi. A samo rassan itace na gaske da ɓawonsu, guda biyu ko uku, kaurinsu ya bambanta. Ma'auni mai sauƙi shi ne, idan tsuntsu ya tsaya, yatsunsa su zagaye kamar kashi biyu cikin uku na reshen, na gaba da na baya kada su haɗu, ta yadda tsinin akaifa zai sauka a jikin ɓawo. Reshen gwaba da na lemu da na itacen turare duk suna yi. A tabbata ba a fesa wa bishiyar maganin ƙwari ba, a cire ƙaya idan akwai, a wanke da ruwa da buroshi, a shanya a rana ya bushe sarai. A guji itacen fiya, domin ganyenta da ɓawonta da ɗanta duk guba ne ga aku. A kuma guji katakon da aka shafa wa fenti ko baƙin mai ko maganin gara. Idan tsuntsu ya ɓare reshen da baki, kada a ji haushi, aikinsa yake yi, bakin ma yana gyaruwa ta haka. Sai a canza masa wani.

Wasu kan naɗe sanda da samfefar kafintoci don ta goge akaifa. Wannan dabara cutarwarta ta fi amfaninta, saboda tafin ƙafa take gogewa kafin akaifa. Wanda ya samu sanda mai kaushi ta siminti irin wadda ake yi don tsuntsaye, zai iya sa ta kusa da mazubin abinci inda tsuntsu ke tsayawa na ɗan lokaci, amma kada ta zama ita ce ta sama, domin aku a kan sandar da ta fi tsayi yake kwana.

Haka nan a duba kejin kansa. Ragar waya mai ƙananan idanu, da buhun da ake rufe keji da shi da dare, da igiyar da ta fara warwarewa, duk tarko ne ga doguwar akaifa. Tsuntsu kan sarƙe da dare, ya firgita, ya fizga, a wayi gari akaifa ta cire daga gindi ko yatsa ya karye. A rufe keji da yadi mai sulɓi wanda ba ya sakin zare.

Yaushe ne akaifa ta yi tsawo da gaske?

Kaifi dabam, tsawo dabam. Ƙaramin aku akaifarsa kamar allura take, amma ba ta wuce ƙa'ida ba. Ga gwajin da kowa zai iya yi: a ɗora tsuntsu a kan tebur ko faifai, a sunkuya a duba. Idan ƙarshen yatsa yana kwance a kan tebur, akaifa lafiya lau take, abin da ake buƙata kawai shi ne a dakushe tsininta. Idan kuwa akaifa ta ɗaga yatsa sama, ko ta karkata gefe, ko ta lanƙwashe ta nufi tafin ƙafa, ko tsuntsu yana yawan sarƙewa a jikin waya, to ta yi tsawo, sai an rage.

Idan tsini ne kawai, ba a buƙatar almakashi sam. Ɗan magagarin goge farce irin na mata ya isa. Akun da ya saba da ubangidansa ana iya koya masa miƙo ƙafa. Ka riƙa taɓa yatsunsa kullum kana ba shi ɗan abin da yake so, bayan kwanaki ka nuna masa magagarin, bayan wasu kwanakin ka goga sau ɗaya ko biyu ka bari. Lokacin da yake rataye a jikin keji akaifu sun leƙo waje, wannan ma dama ce. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya jure wata ɗaya yana wannan ya huta da kokawa har abada.

Idan yanka ya zama dole

Abin da ya fi shi ne a kai wa likitan dabbobi, ko a je ma'aikatar kiwo ta gari a nemi wanda ya saba da tsuntsaye, ko da sau ɗaya ne, mutum ya ga yadda ake yi da idonsa. Wanda ba shi da wannan hali, ga abubuwan da ya kamata ya kiyaye.

Na farko, lokaci da wuri. A yi da sanyin safiya, a cikin ɗaki mai haske, ƙofa da taga a rufe, ba a tsakiyar kasuwa da rana tsaka ba. Tsuntsun da aka naɗe cikin zafi yana iya galabaita cikin mintoci kaɗan.

Na biyu, a tanadi komai kafin a taɓa shi: tawul, abin yankan farce mai kaifi wanda aka wanke, magagari, da garin masara mai laushi ko fulawa a cikin murfi. Reza da wuƙar wanzami ba su dace ba, domin tsuntsu na motsi sai yatsa ya tafi. Abin yanka da ya dakushe kuma fasa akaifa yake yi maimakon yankewa.

Na uku, riƙo, kuma nan ne ni na yi kuskure. Tsuntsu ba ya numfashi irin namu. Sai ƙashin ƙirjinsa ya ɗaga ya sauka sannan iska ke shiga. Wanda ya matse ƙirjin aku shaƙe shi yake yi, ko da bai taɓa wuyansa ba. Mutum biyu ake so. Ɗaya ya lulluɓe shi da tawul daga baya, ya riƙe kai ta gefe da gefe a ƙarƙashin muƙamuƙi da babban yatsa da manuni, ɗaya hannun ya tallabi baya da fikafikai, ƙirji a sake. Na biyun ya fito da ƙafa ɗaya, ya buɗe yatsu a hankali ba tare da murɗawa ba.

Na huɗu, yankan. Tsini kaɗai ake cirewa, milimita 1 zuwa 2, kamar kaurin ƙwayar gero. Bayan kowane yanka a dubi bakin wurin. Muddin busasshe ne kamar gari, ana kan daidai. Da zarar an ga ɗigo mai duhu ko danshi a tsakiya, an kusa jijiya, a tsaya. A goge gefen da magagari. Akaifar da ta yi tsawo ƙwarai ba a gyara ta rana ɗaya. A rage kaɗan yau, a dawo bayan mako biyu a sake rage kaɗan, jijiyar za ta riƙa ja da baya da kanta har a kai inda ake so. Masu iya magana sun ce garin gyaran gira kada a rasa ido.

Na biyar, a lura da tsuntsun. Idan ya buɗe baki yana haki, ko jikinsa ya saki, a sake shi nan take, sauran yatsu sa jira wata rana.

Idan jini ya fito

Kada a ruɗe, kada kuma a saki tsuntsu ya yi ta fuffuka, domin hakan ƙara gudun jini yake yi. A ɗebi garin masara ko fulawa a cusa a bakin akaifar, a danne da yatsa minti 2 zuwa 3 ba tare da ɗagawa ana leƙawa ba. Idan babu gari a kusa, a danna akaifar cikin sabulun sanda mai taushi ya toshe bakin. Kada a sa toka, ko ƙasa, ko garin taba, ko fetur, ko baƙin mai, kamar yadda wasu ke yi wa dabbobi. Kada kuma a ɗaure yatsa da zare ko roba, yatsan zai mutu. Bayan jini ya tsaya a mayar da shi keji a wuri mai shiru, a shimfiɗa farar takarda a ƙasa don a gane idan ya sake ɗiga. Idan an yi minti 10 ana dannawa bai tsaya ba, ko tsuntsu ya sauko ƙasan keji ya kumbura gashi, a nemi likita a ranar, kada a ce sai gobe.

Shi kuma mutumin da aku ya yaga ko ya ciza, ya wanke wurin da ruwa da sabulu. Duk wanda ya taɓa tsuntsu ko kejinsa ya wanke hannu kafin ya ci abinci.

Wani lokaci daga hanta abin yake

Akwai akun da ko an gyara masa sanda, akaifa da baki ba sa daina zarcewa, suna fasowa, suna ɓantarewa. Sau da yawa wannan alama ce ta ciwon hanta, kuma daga abinci yake tasowa. A shagunanmu gyaɗa ce abincin aku safe da yamma, don ita ce a kusa kuma yana son ta. Amma mai ya yi mata yawa, ga shi wadda ta yi fumfuna tana ɗauke da gubar da ke lalata hanta. Haɗarin da ke nan biyu ne, domin hanta ce ke sarrafa sinadaran da ke sa jini ya daskare. Ke nan tsuntsun da akaifarsa ta fi zarcewa, mai yiwuwa shi ne wanda jininsa zai fi wuyar tsayawa. Har yau ina zargin haka ne ya samu na kawuna, domin gyaɗa ce kusan duk cimarsa.

Gyaɗa ta zama ta lada, ƙwaya kaɗan a rana, mai tsabta. Sauran abinci a haɗa masa da gero da dawa da masara, da dafaffen wake, da karas, kabewa, gwanda, mangwaro, gwaba, tattasai da ganyen zogale. A bar shi ya sha hantsi na ɗan lokaci da safe, tare da inuwar da zai koma idan ya so.

Wanda ke hannunka shi ne naka

A da, idan aku ya mutu sai a yi wa direban da ke zuwa kudu saƙo ya taho da wani. Wannan zamani ya wuce. Kamun da aka yi ta yi, tare da sare dazuzzuka, ya rage tsuntsun ƙwarai. Wani binciken da aka buga a 2016 ya nuna cewa ƙasar Gana ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin 100 na akunta tun daga 1992. A watan Oktoba na 2016, a taron da aka yi a Afirka ta Kudu, ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin namun daji suka sanya aku mai ruwan toka a sahun farko na halittun da ake karewa, matakin ya fara aiki a watan Janairu na 2017. Ma'anarsa ita ce an haramta cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Nijar da Najeriya da Kamaru da Cadi da Benin da Gana duk suna cikin yarjejeniyar. Ɗan kasuwar da ya ɗauko aku a cikin kaya ya tsallaka iyaka da shi ba takarda, yana jawo wa kansa rigima da ƴan duwan da ma'aikatan gandun daji, har abin ya shafi sauran hajarsa.

Saboda haka wanda Allah ya ba aku a shagonsa ya riƙe shi amana. Yau idan an tashi kasuwa, kafin a rufe shago, a leƙa keji a ga irin sandar da yake tsaye a kai. Idan rodi ne ko roba, gobe a saro masa reshen gwaba. Bayan wata biyu a ɗora shi a kan tebur a sake duba yatsun, mai yiwuwa a tarar babu abin yankewa.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka.